Waifa mai ƙarfe, roba zalla ko sauya roba: wanne ya dace da mai mota a Jos?

Ruwan farko yakan sauka a Jos cikin watan Afrilu, kuma a makonnin nan ne masu sayar da kayan mota a Dilimi da Farin Gada suke cinikin waifa fiye da kowane lokaci. Tun Nuwamba ba wanda ya waiwaye ta. Tana kwance a gindin gilashi tana shan rana da ƙurar hunturu, sai ranar da hadari ya haɗo aka kunna ta, ta shiga kuka tana tsalle, tana barin layin ruwa daidai saitin idon direba. Mutum ya nufi shago, mai kaya ya zaro iri uku ko huɗu ya jera a kan bonet: "Alhaji, ga mai ƙarfe, ga roba zalla, ga silikon. In kuɗi ne matsalar akwai Beljiyam, ko kuma in sauya maka robar kawai." Yawancinmu da farashi muke yanke hukunci a nan. Wani ya ɗauki mafi araha don ya rabu da maganar, wani ya ɗauki mafi tsada don yana ganin ita ce za ta kai shi shekara uku. A ganina farashi ne ya kamata ya zo ƙarshe. Abin da za a fara dubawa shi ne hanyar da motar take bi, inda take wuni, da irin riƙon da ake yi wa gilashinta da rani.

Maganar ba ƙarama ba ce. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan tirela ta wuce ka ta watso maka ruwan taɓo, waifarka kuma ta ɗauki daƙiƙa biyu kafin ta buɗe maka hanya, ka yi tafiyar fiye da mita 50 ba ka ganin komai. Wanda ya taɓa gangara Hawan Kibo cikin marka, hazo ya rufe kwana, ga manyan motoci suna lallaɓawa a gaba, ya san abin da mita 50 ke nufi. Jos tana samun ruwan da ya kai kimanin milimita 1,400 a shekara, ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta, wani lokaci har da ƙanƙara. Saboda haka tsawon wata shida waifa tana aiki tuƙuru a garin nan.

Sai dai ba damina ce ke kashe ta ba, rani ne. Abu biyu ke cinye robar. Na farko rana. Sanyin garin yana sa mutane su ɗauka roba za ta fi daɗewa a Jos fiye da Kano ko Abuja, amma Jos tana kan tudun da ya kai kusan mita 1,200, kuma hasken ranar da ke busar da roba ya tsattsage ta ƙaruwa yake yi idan aka hau sama, da kimanin kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000. Na biyu ƙura. Ƙurar hunturu tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi, kuma yashi ya fi gilashi tauri. Duk safiyar da direba ya shiga mota ya tarar gilashi ya yi futu-futu, ya kunna waifa a bushe don ta share masa, samfefa yake goga wa gilashinsa da robarsa gaba ɗaya. Bakin robar da ke share ruwa siriri ne ƙwarai, kaifinsa ne ke aiki. Da zarar yashi ya dakushe shi ko ya yi masa gibi, ko nawa aka saye ta ta gama. Wannan ya kamata mutum ya riƙe a ransa kafin ya duba nau'o'in.

Mai ƙarfe ita ce wadda kowa ya sani: firam mai gaɓoɓi da 'yan yatsu shida zuwa takwas da ke riƙe robar suna danna ta a jikin gilashi. Ta fi araha, ana samun ta ko'ina, ko a Riyom ko Akwanga ta lalace maka za ka samu madadinta, kuma tana zama daidai a kan motocin da gilashinsu bai cika lanƙwasa ba, irin su Golf 3, Vectra, Peugeot 406, tsofaffin Corolla da bas-bas na haya. Lahaninta a gaɓoɓin yake. Ƙura tana shiga ta zauna, ruwa ya biyo ya kawo tsatsa, gaɓar ta sandare ko ta yi sako-sako, sai danniyar ta daina rabuwa daidai, wani wuri ya share wani wuri ya bari. Idan aka ɗauki gudu a buɗaɗɗiyar hanya, iska tana shiga ƙarƙashin firam ɗin ta ɗan ɗaga shi. Abin da ya fi damuna da masu arahar cikinta shi ne ranar da robar ta zame ko ta yage, yatsan ƙarfe ya sauka kan gilashi. Shara uku ko huɗu sun isa su bar zane mai kama da baka wanda wanki ba ya fitarwa, kuma da dare fitilar kowace mota a cikin zanen nan za ta tarwatse maka a ido.

Roba zalla, wadda wasu ke kira filat, ba ta da firam a waje. A cikin jikinta akwai siririn ƙarfe mai sifirin da aka lanƙwasa tun daga masana'anta, shi ke danna robar daga wannan kai zuwa wancan ba tare da gibi ba. A bayanta akwai ɗan tudu da aka tsara don iska ta riƙa danna ta ƙasa maimakon ta ɗaga ta. Kamfanin Bosch ya fito da irinta a 1999, yanzu kuma motoci da yawa da ita suke fitowa, musamman na Turai. Ga mai bin hanyar Jos zuwa Abuja, ko Bauchi, ko Saminaka zuwa Zariya, wannan ita ce ta fi, ba tantama. Ba ta da gaɓar da ƙura za ta cika, ba ta ƙara, kuma a gudun 90 ko 100 tana nan manne da gilashi.

Amma akwai sharaɗi, kuma a nan mutane da yawa suke asarar kuɗi. Dukan aikin filat ya dogara ne ga ingancin ƙarfen da ke cikinta da kuma dacewar lanƙwasarsa da gilashin motarka. Mai arahar da aka yi don ta hau kowace mota sau da yawa ba ta zama daidai a kan ko ɗaya. Za ka ga tsakiya yana sharewa tas, amma inci biyu na ƙarshe suna shawagi a sama, musamman a ɓangaren fasinja inda gilashi ya fi lanƙwasa. Ga kuma 'yan robobin haɗi da ake cusa mata don ta kama hannun waifar, waɗanda rana ke busarwa su karye. Jabu ma ya fi yawa a wannan nau'in, domin buga sunan babban kamfani a kwali ba wuya. Idan kuɗin da ke hannunka bai kai na filat mai kyau ba, mai ƙarfe mai kyau ta fi filat ta banza nesa ba kusa ba. Araha ba ta ado, kuma a nan ba ta ma aikin.

Akwai ta uku da ke tsakaninsu: firam a ciki, an rufe shi da murfin roba mai tauri don iska da ƙura. Da irinta Toyota da Honda da Lexus masu yawa suke zuwa. Tana da kyau, tana haɗa rabin amfanin kowacce, kuɗinta ma a tsakiya yake.

Ita ce kuma ta kawo mu ga maganar sauya roba kawai, wadda wasu ke rainawa suna ganin aikin mai ƙaramin ƙarfi ne. Ba haka ba ne. Waifar asali da ta zo da waɗannan motocin Japan an yi ta ne don a zare robar a zura sabuwa, kamfanonin da kansu suna sayar da robar daban. Firam ɗin asalin nan kuwa sau da yawa ya fi sabuwar da za a sayar maka a kasuwa inganci. Abin takaici ne ka ga an cire shi an jefar a bakin shago, an maye gurbinsa da abin da ba zai ga ƙarshen Agusta ba. Idan motarka tana da nata na asali, gaɓoɓinsa suna motsi ba tsatsa, riƙe shi. A nemi roba mai faɗi daidai da tsohuwar, domin faɗinsu ba ɗaya ba ne, a zare siraran ƙarafa biyun da ke gefen tsohuwar a mayar a jikin sabuwar yadda suke, a tabbata kan da ke da maƙalli ya kama yatsan ƙarshe. Idan aka yi sakaci da wannan maƙallin, robar za ta riƙa zamewa kaɗan-kaɗan har ƙarfe ya taɓa gilashi. Inda sauya roba ba shi da amfani shi ne a kan firam mai araha da ya riga ya saki. Sabuwar roba ba ta gyara gaɓar da ta mutu.

Silikon ba siffa ba ce, abin da aka yi bakin sharar da shi ne, don haka ana samun ta a filat ana samun ta a mai ƙarfe. Gaskiya ne ta fi roba jure rana da zafi, kuma tana barin wani ɗan santsi a gilashi da ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare. Ga motar da ke wuni a fili, a sakatariya ko bakin kasuwar Terminus, ba inuwa ba rumfa, tana iya cin kuɗinta. Amma yashi bai san silikon ba. Wanda bai daina share ƙura a bushe ba zai kashe ta a hunturu ɗaya kamar kowace. Kuma ba duk abin da aka rubuta wa silikon a kwali ne silikon ba, launin shuɗi ko ja ba shaida ba ne.

Beljiyam kuwa, a'a. Kayan Beljiyam suna da ranarsu a inji da giya da ƙofa, amma roba tsufa take yi ko ana amfani da ita ko ba a yi. Wadda ta yi shekaru a wata ƙasa, ta kwana a kwantena, ta zo ta sha rana a kan tebur, ba abin da ya rage mata. Hanya ɗaya da zan yarda da ita ita ce a sayi firam na asali ko hannun waifar a Beljiyam, a sa masa sabuwar roba.

Kowacce aka zaɓa, a kula da tsawo. Na direba da na fasinja yawanci ba ɗaya ba ne. Corolla ta 2009 zuwa 2013 tana ɗaukar inci 26 da 18 ko 26 da 14, gwargwadon inda aka ƙera ta, Camry ta 2007 zuwa 2011 kuma 24 da 20. Wasu suna sa wadda ta fi tsawo wai don ta share wuri mai faɗi, sai ta riƙa dukan gefen gilashi ko ta sarƙe da 'yar'uwarta, injin waifar ya sha wahala. A duba littafin mota, ko a auna ta asali. A duba bakin hannun kuma: motocin Japan mafi yawa ƙugiya ce, amma sababbin Peugeot da Volkswagen da Marsandi suna da nasu maƙallai daban. Kafin ka biya, ka ce a ɗaura, a zuba ruwa, a kunna kana zaune a kujerar direba. Mai kaya na gari ba zai ƙi ba. Shara ɗaya ya kamata ta bar gilashi fes, ɗan danshin da ya rage ya ɓace nan take, ba kuka, ba tsalle, ba wurin da aka tsallake.

In an tambaye ni, ga yadda zan raba. Mai zirga-zirga cikin gari, daga Bukuru zuwa Terminus, Rayfield zuwa Farin Gada, ya sayi mai ƙarfe ko mai murfi ta kamfanin da aka sani, ko ya sauya roba in firam ɗinsa na asali ne, ya yi haka kowace shekara. Direban doguwar hanya, na haya ne ko mai zuwa Abuja duk mako, ya daure ya sayi filat ta gaske, ya ajiye tsohuwar mai ɗan dama-dama a but saboda tsaro. Masu ƙera waifa suna ba da shawarar sauyawa duk wata 6 zuwa 12, kuma a yanayinmu lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Maris ko farkon Afrilu. Sayen sabuwa a Nuwamba miƙa ta ne ga hunturu.

Yanzu ruwan da ake zubawa a tankin feshi, wanda shi ma zaɓi ne, kuma a ganina ya kai waifar kanta muhimmanci. Abin da aka saba shi ne a cika da ruwan rijiya ko na burtsatse a barbaɗa omo. Omo yana wanke maiƙo, shi ya sa ake son sa, amma ba ya narkewa duka. Yana kwanciya a gindin tanki ya zama dusa, ya toshe matatar famfon da ƙananan ramukan feshin, ya bar farin tabo a gilashi da fenti, ya kuma busar da roba. Sabulun wanke kwanuka na ruwa ya fi shi sauƙi in ɗigo biyu ko uku ne, amma da an zarce sai kumfa ta rufe gilashi a daidai lokacin da ake neman gani. Ruwa zalla ba ya ɓata komai in mai tsabta ne, sai dai ba ya iya cire maiƙon hayaƙin dizal, ko gawar shinge da sauran ƙwari da ke fashewa a gilashi a farkon damina. Akwai ma wani abu: a 2010 masu bincike na hukumar kare lafiya ta Ingila sun wallafa sakamakon da ya danganta tuƙi da ruwa zalla a tankin feshi da ƙarin haɗarin kamuwa da wata cutar huhu mai tsanani, saboda ƙwayoyin cutar suna hayayyafa a ruwan ɗumi da ya daɗe a ajiye.

Ruwan wankin gilashi na kwalba, wanda ake samu a gidajen mai da manyan kantuna, shi ya fi. Wanda ake sirkawa da ruwa ya fi arha a kan lokaci, kwalba ɗaya tana daɗewa. Ba sai an nemi mai hana daskarewa ba, duk sanyin Jos bai kai nan ba. Wasunsu suna da sinadarin metanol, wanda guba ne, kuma launinsu yana kama da lemon kwalba, don haka a nesanta su da yara. A sirka da ruwan da ba shi da laka, ko fiya wata ma ya yi. Duk abin da aka zuba, kada tankin ya zauna a bushe da rani. Tankin da ba ruwa shi ke sa mutum kunna waifa a kan ƙura. Idan feshin ya toshe, siririyar allura tana buɗe shi, da ita kuma ake saita shi a irin masu ƙwayar ido. Idan ba ka jin ƙugin famfon gaba ɗaya, mai wayarin ya fara duba fiyus kafin a ce a sayi sabo.

Tsumma ma abin dubawa ne. Ka tsaya ka kalli yadda ake wanke mota a wurare da yawa: bokiti ɗaya, soso ɗaya, a fara da taya da ƙasan ƙofa, a ƙare da gilashi. Yashin da aka kwaso a ƙasa shi ake gogawa a sama. Ka ware wa gilashinka tawul mai laushi nasa shi kaɗai, ka miƙa wa yaron da hannunka: "Ɗan'uwa, don Allah wannan na gilashi ne kawai, kuma a fara kwarara ruwa kafin a goga." Da safe a hunturu, roba ɗaya ta ruwa da aka kwarara daga sama ta isa ta sauke ƙurar kafin wani abu ya taɓa gilashin. A ɗaga waifar a share bakin robar da jiƙaƙƙen ƙyalle, za ka ga baƙin da zai fito. Kada a shafa mata fetur, kananzir ko man birki wai don ta yi laushi, kumbura take yi ta lalace. Kada kuma a watsa ruwan sanyi a gilashin da ya gasu a rana idan yana da ɗan tsagu, tsagun gudu zai yi. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana lissafa tuƙi da fasasshen gilashi cikin laifuffuka, amma tun kafin a kai ga jami'i, kuɗin sabon gilashi ya ninka na waifa sau da yawa.

Cikin gilashin yana da tasa matsalar, kuma a Jos ta fi tsanani. Ana ruwa, gari ya yi sanyi, mutum biyar suna numfashi a mota an rufe tagogi, nan da nan gilashi ya yi suraci. Waifa ba ta da hannu a nan. Share shi da tafin hannu ko hula maiƙo kawai yake ƙarawa, da dare kuma sai ka gwammace ba ka taɓa ba. A kunna esi a juya iskar zuwa gilashi, a kashe madannin da ke juya iskar ciki don ta waje ta shigo. Esi yana tsotse danshi, ko da an haɗa shi da ɗumi. Motar da ba esi a sassauta tagogi biyu kaɗan. Gilashin da aka goge cikinsa tas ba ya saurin kama suraci, don haka a riƙa goge shi, musamman bayan an fesa man ƙyalli a dashbod, wanda tururinsa a gilashi yake sauka.

Wani lokaci za a sa sabuwar waifa mai kyau amma kuka da tsalle ba su daina ba. Kafin a koma a yi rigima da mai kaya, a duba abu uku. Maiƙo a gilashi, wanda ruwan kal da aka sirka ko sifirit a ƙyalle ke cirewa. Sifirin ɗin hannun waifar da ya saki, wanda za ka gane idan ka ɗaga hannun ka ji ba ya ja da ƙarfi. Ko kuma hannun ya ɗan murɗe, robar ba ta tsaye daidai a kan gilashi, sai ta share lafiya a hawa ta yi tsalle a sauka, abin da bakanike zai daidaita da filaya cikin minti kaɗan. Ranar ɗaura sabuwa kuma, a shimfiɗa tawul a ninke a kan gilashi kafin a cire tsohuwar. Hannun ƙarfe ne tsirara mai sifirin, in ya suɓuce ya faɗo yana iya tsaga gilashin a take.